Yaron dillali a Tekzas ko ƙofar gida ba ya buɗewa

Masu neman aikin intanet ɗin nan na taimaka wa dillalan gidaje na Amurka daga nesa, ku matso, akwai abin da masu sayar muku da kwas ba su cika faɗa ba. Can dillancin gida sai da lasisi, kowace jiha da hukumarta, a Tekzas TREC ce, a Kalifoniya DRE, kuma kafin ka samu takardar sai ka yi karatun awa 180 a Tekzas, 135 a Kalifoniya, sannan ka ci jarrabawa. Toh kai da aka ɗauka mataimaki ba ka da ita, don haka aikinka iyakarsa ɗaga waya, tsara wa oga lokacin ganawa, buga takardun da shi zai duba ya amince, irin waɗannan dai.

Inda gizo ke saƙar shi ne baki. Mai saye ya bugo ya ce gidan nan za a rage kuwa, kai kuma ka ji a ofis cewa mai gidan a matse yake, bakinka na ƙaiƙayi, wallahi ka haɗiye, ka ce bari in haɗa ka da oga. Tayi, ragi, bayanin abin da yarjejeniya take nufi, ba mutum shawara ya saya ko kar ya saya, duk na mai lasisi ne.

A nan gida ai yaron dillali ne ke yawo da makulli a aljihu, ya goya ka a mashin ya kai ka ka ga gida, ya taya ka ciniki, a gutsura masa cikin la'ada. A Tekzas buɗe wa mai son saye ƙofa kawai ya shiga ya duba, hukuma ta ɗauke shi nuna gida ne, sai mai lasisi. Kalifoniya ta ɗan sassauta, ranar da aka buɗe gida jama'a su zo kallo za ka iya tarbar baƙi ka miƙa musu takardar talla, amma zagayawa da su ɗaki ɗaki ana kuranta kicin, a'a. Wannan na ƙofar ni dai ina ganin sun zafafa.

Sai maganar kuɗi. Mataimaki albashi ake biyansa ko kuɗin awa, sashe na 10137 na dokar sana'o'i ta Kalifoniya ya hana dillali biyan mara lasisi kan aikin da ke buƙatar lasisi, kuma wanda aka kama yana dillanci ba takarda tararsa na iya kai dala 20,000 ko wata shida a gidan yari ko duka biyun. Kai da kake Kano ba wanda zai taso daga can ya kama ka, ogan ne lasisinsa ke cikin haɗari. Amma in ya ce maka kammala cinikin in ba ka kaso, ya zo ya hana, sashe na 10136 ya ce kotun jihar ba za ta saurari ƙarar neman la'ada ba sai ka nuna kana da lasisi lokacin da ka yi aikin.