Wa Ya Aike Ka?

Shekarar da na gama sakandare ba ni da ko sisi, wani ɗan daudu mai tuwo a bakin tasha ne ya riƙa ba ni abinci bashi. Ba zan faɗi tashar ba. Yana da tabon ƙunar man gyaɗa a hannun dama, da wani kwanon sha mai murfi da yake rage min miyar kuka a ciki in na makara. Bakinsa kuwa sai a hankali. Habaici ɗaya zai jefi ɗan kamasho da shi, tasha gaba ɗaya ta kwashe da dariya.

Da na ji samarin unguwarsu sun watso masa kaya waje cikin dare, mai gida kuma ya ba shi kwana uku ya tashi, sai na zauna na rubuta waƙa. Ƙwar biyu ce, wato kowane baiti layi biyu, baiti 24. Ban taɓo zancen halal da haram ba, ni ba malami ba ne. Waɗanda suka ci tuwonsa kawai na lissafa, almajirai da direbobi da ni kaina, na tambaya ina muke a daren nan. A raina har na shiga sahun mawaƙan jam'iyyar NEPU na shekarun 1950, irin su Mudi Sipikin, da suka mai da baiti makami a nan Kano. Na manta su wuyansu suka miƙa, ni kuwa wuyan wani na miƙa.

Na karanta ta a wani zaman marubuta ranar Lahadi. Da na kai ƙarshe ɗakin ya yi tsit. Wani dattijo ya ce kari ya karye a baiti na tara, bai ƙara komai ba. Sai a wajen saka takalma wani ya matso ya raɗa min cewa ƙanensa ma haka yake, shekara biyu ke nan ba su san inda yake kwana ba. Wannan raɗar ta sa na koma gida ina jin na yi abin kai.

Ashe wani ya naɗi muryata a waya. Cikin mako guda ta zaga WhatsApp, da tabon hannun da kwanon duk a ciki. Duk wanda ya taɓa cin abinci a tashar ya gane wa ake nufi. A Kano kuwa wannan ba wasa ba ne: tun 2000 ake aiki da shari'a, ga dokar tarayya da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, 10 kan mara wa ƙungiyoyinsu baya. Ba kowane ɗan daudu ne yake abin da ake zarginsa da shi ba, amma mai riƙe da gora ba ya tsayawa tantancewa.

Mai tuwon ya aiko a kira ni wani ɗaki da ya raɓa a Sabon Gari.

"Kai ɗan nan, wa ya aike ka? Ni 'yasu! Ina lallaɓa rayuwata, ka kwashe ni ka kai kasuwa."

Na ce, "Baba, don kai na yi."

"Don ni, ko don a tafa maka?"

Na rasa ta cewa. Can ya ce in karanto ya ji. Tabon ya ce a cire, kwanon ma haka. Da na zo inda na kira shi abin tausayi sai ya ɗaga hannu: "Goge. Ni na ciyar da kai, kai ne abin tausayi." A madadinsa ya ba ni habaici uku daga bakinsa, masu kaifin da ban isa in ƙirƙiro ba, na zauna ina lanƙwasa su su hau amsa-amo.

Yanzu waƙar baiti 19 ce, uku nasa ne, kuma ya ce kada in sake karanta ta ko'ina sai ya ba ni izini. Har yau bai bayar ba. Da zan fita ya tuna min yana bi na kuɗin tuwon wata huɗu.