Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakunan da Na Yanka wa Bakteriya

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na sauka Ingila da jaka biyu da kwantiragin shekara biyu. Aikin shi ne wanda ake kira fosdok, binciken da mutum ke yi bayan digirin digirgir kafin ya samu gurbin koyarwa nasa na kansa.

Ni ɗan lissafi ne zalla, rabona da bayoloji tun ina sakandare a Zariya. Amma tambayar da shugabar rukuninmu ta ɗora mini ta shiga raina tun ranar farko. Bakteriyar E. coli tsawonta kusan maikiromita 2 ne, wato kashi 2 cikin 1,000 na milimita. Idan za ta rabu biyu, a tsakiya take tsinkewa. To wa ya auna mata tsakiyar? Wasu furotin ne. MinD yana mannewa a bangon cikinta ta gefe ɗaya, MinE ya zo ya ɓamɓare shi, sai ya tattara ya koma ɗaya gefen, haka suke kai-komo kusan kowane minti. MinC kuma yana biye da MinD, duk inda ya yi yawa ba a rabuwa. Tsakiya ce wurin da MinC ya fi ƙaranci, shi ya sa a can take tsinkewa.

Lissafin da na zo da shi irin wanda Alan Turing ya yi amfani da shi ne a 1952: a ɗauki sinadari kamar shuni a bokitin wanki, yana bazuwa sumul. A bokiti ƙwayoyin shuni ba sa ƙirguwa, don haka matsakaicin adadi ya wadatar. A cikin bakteriya kuwa wani furotin 'yan dubbai ne, wani ma bai wuce goma ba. Kowace ƙwaya tana tangaɗi barkatai, irin motsin da Robert Brown ya gani a 1827, Einstein ya yi bayaninsa a 1905. Dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Hanyar Daniel Gillespie ta 1977 muke bi: kwamfuta ta jefa ƙuri'a biyu, ɗaya ta faɗi yaushe abu na gaba zai faru, ɗaya ta faɗi mene ne shi.

Sai na yanka bakteriyar ɗaki-ɗaki a cikin kwamfuta. Ƙwaya tana tsallakawa ɗakin maƙwabta, kuma ƙwayoyi biyu ba sa haɗuwa sai suna ɗaki ɗaya. Duk karatuna an koya mini cewa ƙara ƙanƙanta yanka yana ƙara kusantar gaskiya, don haka na yi ta raba faɗin ɗakin biyu. Duk rabawar da na yi tana ninka yawan tsallake sau huɗu, kwamfuta ta koma kwana tana aiki. Abin da ya fito ya tayar mini da hankali. Kai-komon ya yi rauni, daga baya ya mutu. MinD ya zauna a bango, MinE yana ta yawo bai taɓa shi ba.

Mako uku ina bin manhajata layi-layi ina neman kuskure. Lokacin hunturu ne, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Inna ta kira wani dare ta ce, "Auta, muryarka ba daidai take ba. Wai har yanzu karatun bai ƙare ba?" Na ce, "Inna, aiki ne, ya ɗan cije mini." Ta ce in ci abinci mai zafi, za ta sa ni a addu'ar asuba. Bayan ta ajiye na daɗe zaune riƙe da wayar.

Wani abokin aiki da ya girme ni a fannin ne ya duba, ya ce manhajar lafiyarta ƙalau, dokar haɗuwa a ɗaki ɗaya ce ta gaza. Ya zana a allo. Nan na gane. A ce mutum biyu suna neman juna a gida, amma an ce ba za su gaisa ba sai suna ɗaki ɗaya. Idan ka yi ta gitta katanga har ɗakin bai kai girman mutum ba, za su tsaya kafaɗa da kafaɗa ba su gaisa ba. Masana sun riga sun nuna cewa haka tsarin yake, idan ɗaki ya ƙanƙance fiye da kima haɗuwar ƙwayoyi biyu ɓacewa take yi. Tun 1917 masanin kimiyya Smoluchowski da tazara ya auna haɗuwa, ba da ɗaki ba.

Na sake dokar, na bar ƙwayoyin ɗakunan maƙwabta su haɗu idan tazararsu ta kai, na gyara ƙimar haɗuwar. Daren Alhamis na sake kunnawa. Wajen ƙarfe biyu jan launi, wato MinD a fuskar kwamfuta, ya taru a hagu, ya watse, ya bayyana a dama, ya sake dawowa. Na ƙirga zagaye ashirin kafin na tashi na yi alwala.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na kai wannan sakamako gaban masu ɗakin gwaji, waɗanda suke ganin bakteriyar da idonsu a madubin ƙara girma.