Wata huɗu ina zaune a bayan ƙofa

Har yau in na tuna wata huɗun nan sai naji wani abu ya tokare min maƙoshi. Yarona yana da shekara uku da wata biyu wata likita a nan Jidda ta rubuta mana takarda cewa yana da tawahhud, abin da a gida wasu ke cewa galahanga, duk da ni kalmar bata kwanta min ba dan ana cusa lalurori iri-iri a cikinta. Ba sai na tsaya lissafa muku alamomi ba, duk uwar da take kiran ɗanta sau goma bai waigo ba ta sani. Likitar tace mu nemi inda ake ABA, wato hanyar koyar da irin waɗannan yara ɗabi'u mataki-mataki, kuma kar mu ɓata lokaci.

Abban yara direba ne, albashin a ƙidaye yake, ga haya ga sabunta iƙama. Markaz ɗin, wato cibiyar da muka samu, riyal 150 kowace jalsa, wato zama ɗaya na minti 45, sau uku a sati, kuma sai an biya na wata biyar gaba ɗaya ake ragi. Na ɗauki warwarona biyu na zinare na kai kasuwar Balad na sayar, wallahi ko ɗar ban ji ba a lokacin.

Ranar farko malamar ta kama hannunsa tace min in jira a waje, wai in yana ganina hankalinsa ba zai tsaya ba. Nace to. Wannan "to" ɗin ita ce ta ci min kuɗi ta ci wa yarona wata huɗu. Kun san halinmu na baƙi a ƙasar mutane, bamu son yawan tambaya kar a ce mun cika ƙorafi, sai na zauna kan kujerar roba ina jan carbi ina jiyo kukansa ta cikin ƙofa, in an fito da shi ace min mumtaz, yau ya yi ƙoƙari. Ƙoƙarin me? Ban taɓa tambaya ba.

A sati na biyu kuma suka ce mu daina yi masa Hausa kwata-kwata, Larabci kawai, wai harshe biyu ne ke rikita shi. Nan ma nace to. Hajiya surukata ta fi shekara talatin a Makka, Larabci ba ya gagararta a kasuwa, amma da jikanta Hausa take, ita ce mai ɗora shi a cinya tana masa tawai tana ce masa angona. Da na faɗa mata dokar sai tayi shiru tace Allah ya sa hakan ne alheri. Daga ranar in mun je sai dai ta shafa kansa. Gidanmu ma ya mutu murus, dan ni kaina in zan yi masa magana sai na tsaya na juya ta zuwa Larabci, kafin in gama ya riga ya wuce.

Bayan wata huɗu yaro ya iya nuna katin ahmar da asfar, wato ja da rawaya, in an riƙe masa cibs a gabansa. A gida kuwa in ƙishi ya kama shi sai ya je gaban firij ya zube yana buga goshinsa da tayil, kamar dai ranar farko.

Wata baiwar Allah ce ta farkar da ni a ɗakin jira, Bahaushiyar Sudan ce, 'yar Mai Wurno, ita ma jikanta take kawowa ɗakin koyon magana. Taji ina waya da Hausa sai ta matso tace 'yar uwa, wa ke duba aikin malamar nan taku, kuma ina takardar tsarin yaronki? Na rasa amsa. Ita ce ta fahimtar da ni cewa mai zama da yaro daban, mai tsara aikin da bibiyarsa daban, kuma shi wannan na biyun ya kamata ya kasance da shaidar ƙwarewa a ABA irin BCBA, ko QBA ko IBA tunda hukumar Amurka mai bada BCBA ta daina karɓar sabbin mutane daga yawancin ƙasashe a 2023. Da na matsa a ofis sai aka miƙo min takarda shafi ɗaya, launuka, siffofi, sassan jiki, ko sunansa da biro aka ƙara a sama. Na bar musu kuɗin watan da ya rage na fita, a mota nayi kuka har Abban yara ya faka gefen titi.

Ku lissafa da kanku, jalsa uku na minti 45 awa biyu ne da kwata, sati kuma awa 168 ne. Shi Lovaas, masanin da ake yawan ambata a harkar ABA, binciken da ya fitar a 1987 awa 40 a sati ake yi da yaran, mu kam ina muka ga kuɗin wannan. Ashe duk sauran awannin a hannuna suke, ni kuma an ajiye ni a waje ban san komai ba. Wannan ne yake min ciwo fiye da zinaren.

Wuri na biyu tun kafin in biya ko halala nace zan shiga ciki, in ba haka ba mu tafi. Mai kula da aikin tace ai dole ma ki shiga. Sati biyu aka yi ana gwajin abin da ya iya da wanda bai iya ba, ta zaunar da ni a ƙasa tana tambayata me yake so, nace kumfar sabulu da juya murfin tukunya. Ta bani littafi tace duk sanda ya buga kai in rubuta abu uku, me ya faru kafin nan, me yayi, me muka yi bayan nan. Kwana biyar kacal na gani da idona, yana buga kai muna rugowa da ruwa ko jus, mu ne muka koya masa cewa goshi ke buɗe firij. Aikin farko da aka sa mana shi ne ya iya neman ruwa, da katin hoton kofi a manne jikin firij daidai tsayinsa, in ya miƙo a bashi nan take. Ta gargaɗe mu cewa abin zai ƙaru kafin ya ragu, a sa katifa a ƙasa a kare kansa, a kama hannunsa a kai kan katin sannan a bada. Haka kuwa akayi, satin farko har maƙota sai da suka ƙwanƙwasa.

Maganar Hausa kuwa tace ba a samu hujjar cewa harshe biyu na hana irin waɗannan yara magana ba, in yi masa da harshen da nake iya rarrashi da shi. Har ta sa na rubuta mata ruwa, ƙari, buɗe da haruffan Larabci tana gwadawa. Ni ma na kafa nawa sharaɗin, dan na karanta yadda manya masu tawahhud ke kokawa cewa an tilasta musu kallon ido an hana su kaɗa hannu suna yara. Nace kar wanda ya riƙe haɓarsa, kuma kaɗa hannunsa ba ya cutar da kowa a bar masa abinsa. In kun je wuri aka ce ku jira a waje, ku nemi ko ta gilashi ko ta kyamara ku gani, in an ƙi ku ɗauki ɗanku. Kuma kar ku biya na watanni a dunƙule, ragin nan shi ya ɗaure ni.

Yanzu wata bakwai kenan. Har yanzu baya haɗa kalma biyu, aski kuma yaƙi ne, amma goshinsa ya warke. Juma'ar da ta wuce muna Makka wurin Hajiya, mun manta katin a gida, ina kicin naji yace "uwa". Hajiya ta ƙwala min kira tace zo ga angona yana nemanki. Na fito da gudu na same shi ko kallona bai yi ba, ya ɗora kofin roba a cinyarta yana jira. Nace Hajiya ruwa yake cewa. Ta tashi da kanta duk da ciwon gwiwa ta tsiyayo masa zamzam, ya shanye ya sake miƙo mata kofin.