TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Asabar ɗin da na buga 82

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda na fara zuwa filin golf na Kano, nan wajen Club Road, da yadda ƴan uwana na Kantin Kwari suka dinga cewa wai na shiga wasan masu kuɗi. Toh yau ga labarin ranar da har gobe in na tuna ta sai na ji sanyi a raina.

Ƙarshen 2019 ne, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. A shekarar ne Tiger Woods ya ci gasar Masters yana ɗan shekara 43, bayan an yi masa aiki a gadon bayansa kuma rabonsa da babban kofi tun 2008, dan haka duk wanda ka gani a fili lokacin ji yake shi ma da sauransa. Ni handikaf ɗina 18 ne, wato a fili mai ramuka 18 da aka ƙayyade wa bugu 72, in na tashi da 90 ko 92 to na yi daidai da ƙarfina. A wasan nan mai ƙarancin bugu shi ne gwani.

Ranar ma da ƙyar na fita. Kwana aka yi ba wuta, tankin ruwa ya ƙafe, autanmu ya kwana yana tari, ga kuɗin makaranta na jiran Janairu ga kasuwa ba ta motsi sosai. Na idar da sallar asuba ina zaune kan darduma ina tunanin fasawa, sai maman yara ta leƙo tace "Abbansu, tashi ka tafi dan Allah, zan aika a kira mai garuwa, in ka zauna ma tsaki kawai za ka yi ta yi." Ta zubo min kunun gyaɗa a fulas, na ɗau jaka na fita.

Kadina, wato mai ɗaukar min jakar sanduna, wani saurayi ne ɗan Brigade, tun yana ƙarami yake ɗaukar jaka a filin nan, ya san kowane tudu da kowace bishiyar darbejiya. Tun a ramin farko yace min "Yallaɓai yau ka ajiye direba, ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallon da kanta za ta yi gudu, kai dai ka aika ta tsakiya." Raina bai so ba dan direban, wato babbar sandar nan ta bugun nesa, ita ce daɗin wasan, amma na bi maganarsa na ɗauki ƙaramar sanda, kuma wallahi haka akai, ƙwallo ta sauka ta dinga tsalle tana gangarawa har ta wuce inda nake kaiwa da direban. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna 14 a jaka, ni ranar biyar ko shida kawai na taɓa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wajen rami. A lokacin ba ciyawa muke bugawa a kai ba, yashi ne da ake cakuɗawa da mai, burawun muke ce masa kamar sauran filaye da yawa na Arewa, sai an ja maka shara an daidaita hanya tsakanin ƙwallonka da rami kafin ka tura. Da sanyin safiya yashin yana da nauyi, in ka yi masa sanyin hannu ƙwallon tsayawa take a rabin hanya. Yaron nan sai ya tsuguna, ya shafa yashin da tafin hannu, ya ɗago yace "ƙara mata ƙarfi kaɗan, kar ka ji tsoro." Ramin da faɗinsa bai wuce inci 4 da kwata ba, ranar gani nake kamar bakin rijiya. A wani gajeren rami mai bugu 3 na ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7, ƙwallo ta tashi ta ɓace min cikin hazo ban ga inda ta sauka ba, sai ihun kadi na ji yana "ta kwanta, ta kwanta!" Muna zuwa muka tarar da ita taku uku daga rami, na tura ta faɗa. Bugu 2. Wani dattijo tsohon ma'aikacin banki da muke zagaye tare ya cire hularsa yace "Alhaji yau da wace ƙafa ka fito?"

A rami na 14 na shiga cikin bishiyoyi, zuciya tana ce min in ratsa ta tsakaninsu, kadi ya girgiza kai kawai ya miƙo min sandar da zan fito da ita gefe. Na yi asarar bugu ɗaya na tsira da sauran. Da aka haɗa lissafi a ƙarshe 82 ya tashi, dattijon nan ya sake ƙirgawa da bironsa sannan ya sa hannu a katin. Ni dai na san rabin wannan 82 ɗin na yaron nan ne, kuma abin yana damuna yadda wasu ke yi wa kadi tsawa a fili alhali da yawansu sun fi mu iya wasan nesa ba kusa ba, sanduna da kuɗin shiga gasa ne kawai babu.

Na biya na sayi gurasa da tsire, na tsaya kemis na karɓi maganin tari. Ina shiga gida na tarar an cika randuna da jarkoki, an yi wanki an shanya, maman yara tana tuƙa tuwo hayaƙi na shigar mata ido dan gas ma ashe ya ƙare tun safe bata faɗa min ba dan kar na fasa fita. Na nuna mata katin, tace "toh Alhamdulillah, an ci kenan?" nace an ci. Tace "madalla, sai a sayo gas." Muka yi dariya na ɗau silinda na sa a mota.

Babbar ƴata ce, lokacin tana aji shida na firamare, ta karɓi katin ta zauna ta haɗa lambobin da kanta, tana tambayata me yasa 2 ta fi 5 daraja, na yi mata bayani. Da la'asar sai ga ta ta zaro fota, wato sandar tura ƙwallo cikin rami, daga jaka, ta kwantar da kofin silba a tsakar gida tana tura ƙwallo, kuma riƙon da ta yi wa sandar ya ban mamaki dan ba wanda ya koya mata. Tace "Abba ranar Asabar zan bi ka."

Hajiyata tana zaune kan tabarma tana jan carbi, duk ta ji. Abin da tace a kan zuwan ƴa mace filin golf, da yadda muka kwashe da ita, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.