Kurtun tawada ya tona min asirin labari

Har yanzu abin yana min ciwo wlh. Labarin aljanu da sarauta nake rubutawa ina sakewa a guruf ɗin WhatsApp, kuma duk ginin labarin a kan ɗakin karatun Waziri yake, wanda aka ce ya mutu shekara 7 da suka wuce aka garƙame ɗakin.

Ban yarda na sa masa tebur da kujera mai juyi irin na finafinan Turawa ba. Buzu na shimfiɗa masa, ga alƙaluman kara, ga gafaka rataye a jikin azara saboda gara, takardunsa ma irin masu tambarin wata uku ne da fatake ke kawowa daga Italiya ta Tarabulus. Masu karatu suka yi ta yabo, kaina ya kumbura.

To a nan na saka ɗan tarkona, na ce da gimbiya ta shiga ɗakin a sace sai ta tsoma yatsa a kurtu, tawada ta ɓata mata hannu. Layi ɗaya tak, na cusa shi tsakiyar bayanin ƙura da warin jemage, nufina sai an kai ƙarshe a dawo a ce kai ashe tun can ta faɗa mana.

Ina! Wata baiwar Allah da ta yi makarantar allo ta rubuto a guruf, wai tawadar gawayi da ƙaro ina ta ga zama shekara 7 ba ta bushe ba, Waziri na nan da ransa shi ke shiga ɗakin. A gaban kowa fa, ko ta biyo ni ta gefe. Kafin la'asar labari ya gama gari, masu shirin biyan kuɗin ci gaba suka ja baya.

Kai marubuci, ɗakin sirrin boka ko waziri ba kamar filin yaƙi ba ne da ake karantawa a guje, binciken ƙwaƙwaf ake masa. In za ka ɓoye shaida a ciki haɗa ta da ta ƙarya, ka sa bawa mai shara ko aljani mai gadi wanda zargi zai faɗa kansa. Kuma kar ka ɓoye ta a abin da masu karatunka suka taso suna damawa da hannunsu.

Ita kuwa yanzu ita nake fara tura wa kowane babi kafin ya fita, kuma har yau ba ta ba ni haƙuri ba.