Tulin jan ƙarfe da ledar da ke ƙasansa

Ɗan kamfaninmu nan Sakkwato gwajin ƙasa muke yi da shimfiɗa baƙar leda mai kauri a tafkin kifi da na ban-ruwa, kuma kusan duk wanda ya kira mu sai mun ja da shi kan daɓe ƙasa kafin a shimfiɗa ledar. Sai ka ji "Injiniya ai kifi ne ba dam ba, a shimfiɗa kawai". Ni ko in ina koya wa yaran aikina, wajen masu haƙar jan ƙarfe nake ɗauko misali, irin su Chile da ta fi kowa fitar da shi a duniya.

Dutsen da ƙarfensa bai da yawa ba narka shi suke da wuta ba, farfasa shi ake a tula hawa-hawa, kowane hawa mita 5 zuwa 10, wani tulin har ya wuce mita 100, sannan a riƙa ɗiga mishi asid ɗin nan na batir da aka sirka da ruwa sosai, wata da watanni, ruwan ya ratsa ya narko ƙarfen ya bi bututu masu huji da ke binne cikin tsakuwa ya zuba tafki. To duk nauyin nan kan me ya zauna? Leda mai kaurin milimita 1.5 ko 2, ƙasanta daɓaɓɓen yumɓu kamar santimita 30.

Inda leda ta haɗu da yumɓun nan ne abin tsoro, santsi gare shi, in yumɓun ya sha ruwa fiye da kima lokacin daɓe ya ƙara santsi. Ga niƙaƙƙen dutse yana toshe hanyar ruwa, ruwa ya taru cikin tuli, sai gefe ya zame gaba ɗaya. A Fabrairun 2024 tuli ya zabtare a wata mahaƙa a lardin Erzincan na Turkiyya ya binne ma'aikata 9, Allah ya jiƙansu. Na zinari ne, amma ginin iri ɗaya.

Namu ƙarami ne, amma bayan rola ta gama sai na bi filin da ƙafa ina tsintar dutse mai kaifi, inda aka liƙe leda biyu kuma mu hura iska tsakanin layin liƙin mu ga ko allurar ma'aunin iskar za ta sauka, alamar akwai huji. Ga zafinmu na bazara, da azahar ledar buɗewa take ta yi ƙunji ko'ina, in ka rufe ta a haka nan za ta tsage. Shi ya sa bayan asuba muke zuba ƙasa, kafin hantsi mun tashi.