Gadon Jini da Gadon Malami a Addinin Buda

Littattafan mabiya Buda sun ruwaito cewa lokacin da Buda ya koma garinsu Kapilabastu bayan ya yi watsi da sarauta, ɗansa Rahula ya bi shi yana neman gadonsa. Bai ba yaron dukiya ba, sai ya umarci almajirinsa Sariputta da ya shigar da shi cikin 'yan zuhudu. Daga nan nasabar da ake ji da ita ta zama ta malami da almajiri. Wanzami Upali ma an shigar da shi kafin 'ya'yan sarautar Sakya, dangin Buda, da yake yi wa aski, dole suka riƙa rusuna masa, domin girma a cikinsu da ranar shiga ake lissafa shi.

Buda bai naɗa halifa ba. Ya shaida wa almajirinsa Ananda cewa koyarwarsa da dokokin zuhudu su ne malaminsu a bayansa. Duk da haka mazhabar Chan ta ƙasar Sin, wadda ake kira Zen a Japan, ta jera shugabanni 28 a Indiya, daga Mahakasyapa, almajirin Buda, zuwa Bodidarma, wanda aka ce shi ya kai koyarwar ƙasar Sin, sannan ta kawo silsilar kan Huineng wanda ya rasu a 713. Masana tarihi sun nuna cewa daga baya aka tsara jerin, a zamanin da ake ta jayayya kan wanda ya gaji riga da ƙwaryar bara, alamomin shugabancin mazhabar.

Labarin Siri Lanka ya fi ɗaukar hankalina. Ba a shigar da sabon ɗan zuhudu sai cikakkun 'yan zuhudu sun taru, goma a ƙa'ida, biyar a wurare masu nisa, kuma an kai lokacin da ko waɗannan babu a tsibirin. A 1753 aka ɗauko malamai daga Siyam, wato Tailan ta yau, suka sake ƙulla silsilar, kuma jagoransu shi ma sunansa Upali. Abin mamaki, ba a jima ba ƙungiyar da suka kafa ta keɓe shiga ga dangin Gobigama kaɗai, wato ajin manoma masu filaye, har waɗanda aka rufe wa ƙofa suka tafi Bama, wato Myanmar ta yau, wajen 1800 suka samo tasu silsilar, wadda aka sani da Amarapura.

A ganina jini bai taɓa barin wurin ba, kwantawa kawai ya yi. A Tibet shugabancin mazhabar Sakya (suna ne kawai ya zo ɗaya da na dangin Buda) ya daɗe a hannun gidan Khon, a Japan kuwa tun da dokar 1872 ta halatta wa limamai aure, yawancin wuraren ibada daga uba suke komawa hannun ɗa.